Kyankyaso da Tarihin Ƙididdigar Shekarun Duwatsu

A wajen yawancin mutane, kyankyaso ƙwaro ne na ƙazanta wanda ba shi da mazauni sai masai da bayan tukwane. Amma a wajen masana ilmin duwatsu yana da wani matsayi dabam, domin sun fi shekara ɗari suna kafa hujja da shi wajen sanin shekarun ƙasa.

Asalin maganar kuwa shi ne, laka da yashi suna kwanciya a ƙasan ruwa hawa-hawa, na ƙasa ya girmi na sama, har su daskare su zama dutse. Wani Baturen Ingila, William Smith, wanda ya buga taswirar duwatsun ƙasarsu a 1815, ya lura cewa kowane hawa yana da irin burbushin halittun da ya keɓanta da su. To, wannan dabara ta fi sauƙi a duwatsun da suka kwanta cikin teku, inda dabbobi masu ƙwanso suka yi yawa. A duwatsun fadama da tafki, watau inda ake haƙo kwal, ba a cika samun irin waɗannan dabbobi na teku ba. Abin da ya yi yawa a can shi ne ganyaye da fukafukan kakannin kyankyaso, waɗanda suka yaɗu a ƙarshen zamanin Kaboniferos, kimanin shekara miliyan 300 da suka wuce. Fiffiken sama na wannan ƙwaro yana da tauri, saboda haka jijiyoyinsa sukan fito raɗau a jikin dutse.

Amma shaidar kyankyaso ba ta karɓu ba sai bayan gardama. An samo ganyaye da ƙwari a duwatsun da ke kusa da garin Fairplay a jihar Kolorado ta Amurka. Leo Lesquereux, masanin tsirrai, ya duba ganyayen ya ce na zamanin Famiyan ne. Shi kuwa Samuel Scudder, masanin ƙwari, sai ya rubuta a 1884 cewa na zamanin Tirayasik ne, wanda ya biyo baya, domin wasu daga cikin kyankyasan ƙanana ne, kuma jijiyoyinsu sun yi kama da na ƙwarin zamanin baya-baya. Binciken da aka yi daga bisani ya ba Lesquereux gaskiya. Kama da wane ba ta wane: Scudder ya yi hukunci ne a lokacin da abin da aka tara na kwatanci bai taka kara ya karya ba.

Magani ya zo ta hanya biyu. Ta farko ita ce auna yadda yuraniyom ke rikiɗa ya zama dalma, aikin da Bertram Boltwood ya fara a 1907, Arthur Holmes kuma ya ƙarfafa shi da littafinsa na 1913. Da haka ake samun adadin shekarun tokar aman wutar dutse da ta kwanta tsakanin hawa da hawa. Ta biyu kuwa, daga wajejen 1980, Jörg Schneider na Freiberg a Jamus ya nuna cewa zanen fari da baƙi da ke jikin fukafukan dangin Spiloblattinidae yana sauyawa sannu a hankali daga wannan hawa zuwa na gaba. Da aka jera waɗannan sauye-sauye, sai suka zama ma'aunin da ake gwama duwatsun Turai da na Amurka ta Arewa da na Maroko.

Abin lura a nan, sunan wannan dangi ya samo asali ne daga Spiloblattina, sunan da shi Scudder ya raɗa wa wasu kyankyasan Fairplay. Watau ƙwarin da ya kuskure wa zamani, su ne daga baya suka shiga sahun shaidun da ake dogara da su wajen tsai da iyakar Kaboniferos da Famiyan a duwatsun tudu, iyakar da aka ƙiyasta da shekara miliyan 299.