Tamaular Gida: Daga Zamanin Sam Garba Zuwa Ci 79

Mu mutanen Keana da gishiri aka san mu, ba da tamaula ba. Ba mu taɓa samun ƙungiyar da ta shiga babbar gasar ƙasa ba, don haka duk son ƙwallon da ɗan garin nan ya yi, na maƙwabta ya ara: na Jos da farko, sai na Gboko, daga baya na Lafiya. Ni malamin makaranta ne da ya yi ritaya, kuma a kusan duk makarantar da aka tura ni, ni ake ɗora wa kula da wasannin yara. Da wannan idon na kalli gasar gida tun ina saurayi, da shi kuma nake cewa wasan da ake bugawa a filayenmu yau bai kai na jiya ba. Sai dai laifin ba a ƙafar yaran yake ba.

Daga 1967 ƙasar Lafiya tana cikin Jihar Binuwai-Filato, da aka raba jihar a 1976 kuma muka zauna a Filato, har zuwa 1996 da aka ƙirƙiro Nasarawa. Duk tsawon wannan lokaci Jos ce babban birninmu, Mighty Jets ta Jos kuwa tamu ce ba tare da an tambaye mu ba. Alhaji Isyaku Ibrahim ne ke riƙe da ita da aljihunsa. Da aka fara gasar lig ta ƙasa a 1972, ita ta fara ɗaukar kofin. A baya akwai Ismaila Mabo, a gaba akwai Sam Garba Okoye, ga kuma 'yan gidan Atuegbu, ga Baba Otu Mohammed. Yawancinmu a rediyo muka fara saninsu, mun yi da'ira a ƙofar gidan duk wanda batirinsa ke da sauran ƙarfi.

Wasan da tsarata ba sa gajiya da labarinsa shi ne na ƙarshe a Kofin Ƙalubale na 1972, a filin Onikan da ke Legas. Bendel Insurance tana gaba da ci 2, lokaci ya kusa cika, sai Sam Garba ya farke duka biyun cikin 'yan mintoci. Aka sake karawa a Ibadan, Bendel ta yi nasara da 3 da 2. Kofin nan ya daɗe yana yi wa Jos rowa; sai a 1999 Plateau United ta kai shi can. Sam Garba bai ga ranar ba, domin haɗarin mota ya yi ajalinsa a 1978. Allah ya kyauta ƙarshenmu.

Da karatu ya kai ni Jos na gan su ido da ido, abin da ya ɗaure mini kai ba yanka ba ne, ba kuma ƙarfin bugu ba. Ɗan wasa zai tura ƙwallo wani fegi da babu kowa, bai ko ɗaga kai ba, kafin ta isa abokinsa ya riga ya iso wurin. Wannan ba a sayensa a kasuwa. Mabo da Sam Garba tun suna 'yan makaranta suke buga wasa tare, har suka shiga ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa da ake kira Academicals a tsakiyar shekarun 1960. Kowa ya san saurin ɗan'uwansa, ya san ƙafar da ya fi so a ba shi. Haka Raccah Rovers ta Kano take lokacin da ta ɗauki lig a 1978. 'Yan ƙungiyar ƙasa Green Eagles da suka doke Aljeriya 3 da nema a Legas ranar 22 ga Maris 1980, suka ɗauki kofin Afirka karo na farko, kusan dukkansu a ƙungiyoyin gida suke taka leda.

Na san halinmu na tsofaffi, komai na da ya fi na yanzu daɗi a bakinmu. To bari in rage wa kaina: yaran yau sun fi na da gudu, sun fi su tsawon numfashi, takalmansu sun fi kyau. A da ma ana dambe a fili, ana binne laya a bakin raga, ana jifan alƙalin wasa. Abin da ya tafi shi ne zama tare na shekaru, da kuma tabbacin cewa wanda ya fi iya wasa shi zai ci.

Wa ke riƙe ɗan wasa shekara bakwai ko takwas a wuri guda? Kamfanoni da attajirai masu son abin. Leventis United da Abiola Babes da New Nigeria Bank a kudu. A Kaduna, DIC Bees wadda Alhaji Muktar Aruwa ya karɓa ta koma Ranchers Bees. A maƙwabtanmu na Binuwai, BCC Lions ta kamfanin siminti na Gboko. A ƙungiyar kamfani ɗan wasa ma'aikaci ne, sunansa yana cikin takardar albashi tare da na direba da na akawu, idan gwiwa ta gaji kuma yana da teburin da zai koma. Mutumin da ya san abincin gidansa ba ya rawa, ba ya tattara jaka duk ƙarshen kaka. Sakamakon a bayyane yake. Ranchers Bees ta kai wasan ƙarshe na kofin zakarun kofuna na Afirka a 1988, ta ɗauki kofin WAFU a 1989. BCC Lions, a hannun koci Shuaibu Amodu, ta ɗauki Kofin Ƙalubale a 1989, a 1990 kuma ta doke Club Africain ta Tunisiya ta kawo kofin Afirka wani gari da mutanen Tunis ba su taɓa jin sunansa ba. Daga nan Keana mutane sukan yi karo-karo su ɗauki shatar mota, su tsallaka gadar Makurdi don kallon su. Ni ma na sha shiga wannan ayari.

Amma tun kafin wannan murna, ƙasa ta riga ta fara zaftarewa a ƙarƙashi. A 1985 hukumar ƙwallo ta dakatar da Stephen Keshi da wasu abokansa saboda jinkirin zuwa sansanin ƙungiyar ƙasa. Keshi ya tsallaka Abidjan, daga can ya wuce Beljiyam a 1986, ya zama mai nuna wa na baya hanya. A shekarar ce kuma gwamnatin Babangida ta kawo shirin SAP, naira ta faɗi, albashin ƙaramar ƙungiya a Turai ya ninka na babbar ƙungiya a gida sau da yawa. Kamfanoni suka fara lissafin abin da za su rage, ƙwallo ce farkon abin da aka yanke. Kafin shekarun 1980 su ƙare, Leventis United da Abiola Babes sun watse. Abin dariya, a 1990 aka ƙaddamar da gasar ƙwararru, wato a daidai lokacin da ƙwararrun ke neman biza. A shekarar Daniel Amokachi ya bar Ranchers Bees zuwa Club Brugge, bai ko cika ashirin ba. Da aka sake ɗaukar kofin Afirka a 1994, kusan duk 'yan wasan daga waje aka kira su.

Duk macen da ke dafa gishiri a garin nan ta san cewa idan aka sauke tukunya kafin ruwan ya tsotse, abin da za a samu ruwan gishiri ne kawai, mai ɗanɗano amma ba mai auna shi a mudu. Haka muke yi da yaranmu tun daga lokacin. Ahmed Musa ya ci ƙwallo 18 wa Kano Pillars a kakar da ta ƙare a 2010, ya karya tarihin ƙwallo 17 da Ishaya Jatau ya kafa a 1990; kafin shekarar ta fita yana VVV-Venlo a Holan. Shi ya dace. Ɗaruruwa irinsa dillalai sun kwashe su zuwa ƙananan gasa a ƙasashen da ba a ƙara jin ɗuriyarsu.

Da kamfanoni suka janye, gwamnatocin jihohi suka gaji ƙungiyoyin. Tamu, Nasarawa United, an kafa ta a 2003 zamanin Gwamna Abdullahi Adamu, kuma ba ta ba mu kunya ba: ta zo ta biyu a lig a 2006, ta uku a 2015, ta kai wasan ƙarshe na kofin ƙasa a 2016 da 2021, duka biyun aka fi ta sa'a a bugun fenareti. Ta faɗa ƙaramin rukuni a 2023, ta dawo a 2024. Ina cikin masu bin hanyar Obi zuwa Lafiya don kallon ta. Amma ƙungiyar gwamnati, a kowace jiha take, tana rayuwa ne da fayil. Kuɗin sa hannu yana jiran sa hannun wani, albashi yana bin bayan na ma'aikata, shugabannin ƙungiya suna sauyawa tare da zaɓe. Ɗan wasan da ke bin bashin wata huɗu zai tafi duk inda aka yi masa alkawari, don haka kowace kaka sai ka ga an sallami rabin ƙungiya an ɗebo sababbi ta hanyar gwaji. Koci kuma ana ba shi wa'adin wasa uku: ko ya ci, ko ya kama gabansa. Wanda ke da wasa uku a gabansa ba zai tsaya koya wa mutane goma sha ɗaya yadda za su fito da ƙwallo daga baya a ƙasa ba. Zai ce wa ɗan baya ya ɗaga ta sama, mai tsawo ya sa kai, Allah ya ba mai rabo sa'a. Rabin abin da ake kallo ke nan a filayenmu.

Sauran rabin shi ne abin da kowa ke kira makin gida. An kai lokacin da ƙungiya ke hawa mota ta kwana a hanya zuwa wasan waje, alhali kowa a motar ya san maki ukun na masu masauki ne. Na taɓa zama a wani fili, ba zan kira suna ba, aka cika minti casa'in babu ci, alƙali ya ƙi hura tashi har sai da wani ɗan gaba ya faɗi shi kaɗai a cikin da'ira aka ba da fenareti. 'Yan kallo suka yi sowa, ni kuwa na rasa me aka ci. Ɗan baya da ya san ko ya tare da kyau za a hura masa, me zai sa ya koyi tarewa da kyau? Kano Pillars ƙungiya ce ta gaske, ba na raina ta: ta ɗauki lig a 2008, 2012, 2013 da 2014, ta fitar da Al Ahly ta Masar daga gasar zakarun Afirka a 2009. Duk da haka, shekara goma sha biyu da ta yi ba a doke ta a gida ba a wasan lig shaida ce a kan gasar gaba ɗaya, ba a kan Pillars kaɗai ba. Kuma, in yi ɗan alfahari, Nasarawa United ce ta je har filin Sani Abacha a watan Agusta 2015 ta kawo ƙarshen abin da ci 2 da 1. Ranar, Pillars Masu Gida sun kwana da baƙo.

Inda abin ya kai maƙura shi ne Bauchi, a watan Yuli 2013, a wasannin neman hawa rukuni na ƙananan ƙungiyoyi. Plateau United Feeders da Police Machine suna kankankan a maki, yawan ƙwallaye ne zai raba su, kuma an sa wasanninsu na ƙarshe a lokaci guda. Feeders ta kara da Akurba ta Lafiya, abin takaicinmu. An tafi hutun rabin lokaci da 7 da nema, aka tashi 79 da nema. Ƙwallo 72 cikin minti 45: na yi wa ɗalibaina lissafin a allo, ya kama ƙwallo ɗaya a ƙasa da daƙiƙa 40, har da ɗaukowa daga raga da mayar da ita tsakiya. A ɗaya filin Police Machine ta ci wata ƙungiya ta Gombe 67 da nema. Hukumar ƙwallo ta ƙasa ta haramta wa 'yan wasan da jami'an harkar har abada, ƙungiyoyin kuma shekara goma. Jaridun duniya suka yi ta dariya. Abin da ya dame ni shi ne yawancinsu samari ne masu neman hanya, kuma ba su suka ƙirƙiro dabarar ba. A 2006 a babbar gasa an ga Akwa United ta ci Calabar Rovers 13 da nema a ranar ƙarshe, daidai lokacin da take buƙatar ƙwallaye don tsira.

A makarantu, inda na fi sani, rijiyar ta daɗe da fara ƙafewa. Da, kowace sakandare tana da fili da malamin wasanni da gasar shekara, daga nan ake zaɓen na yanki, a kai na jiha. A gabana aka yanka filayen wasu makarantu aka gina ajujuwa, kuɗin wasanni ya zama na alli. Yaro ya iya yanka a lungu, amma babu wanda ya tsayar da shi ya nuna masa inda zai tsaya idan ƙwallo ba ta ƙafarsa. Da yamma kuma yana gidan kallo, janareto na ruri, ya haddace 'yan benci na Arsenal da Chelsea, bai san sunan golan Nasarawa United ba. Ba na ganin laifinsa. Ido ba ya ƙin abu mai kyau.

Kukan lalacewar wasa ba namu ba ne mu kaɗai. Ko a Amurka, masu bin ƙwallonsu ta kwalkwali da kokawa suna cewa gasar NFL ta ragu, suna danganta shi da yarjejeniyar 2011 da ta rage atisaye mai tsanani, da kuma ƙara wasannin kaka zuwa 17 a 2021. Can kuɗi ne ya yi yawa, lokacin koyo ya ragu. Mu babu kuɗin, babu lokacin.

Ma'aunin da ba ya ƙarya shi ne fita waje, inda babu makin gida. Enyimba ta ɗauki kofin zakarun Afirka a 2003 da 2004, Heartland ta kai wasan ƙarshe a 2009 bayan ta fitar da Pillars, daga nan babu ƙungiyar Najeriya da ta sake kaiwa nan. A gasar CHAN ta 'yan wasan gida, Maroko ta ci mu 4 da nema a wasan ƙarshe na 2018. Ba na cewa babu motsi: wasannin da ake nunawa a talabijin sun sa alƙalai jin kunya, ana ɗan cin wasan waje yanzu, kuma Remo Stars, ƙungiyar ɗan kasuwa mai makarantar renon yara a Ikenne, ta ɗauki lig a 2025 bayan ta yi shekaru tana gini a hankali. A Lafiya ma baiwa ba ta yanke ba. Silas Nwankwo ya ci wa Nasarawa United ƙwallo 19 a kakar 2021, ya raba kambun wanda ya fi zura ƙwallo da Charles Atshimene na Akwa United. Muna cikin lissafin wanda za a haɗa shi da shi a gaba a kaka mai zuwa, sai muka ji ya sa hannu a Mjällby ta Suwidin.