Ƙurajen Fuska: Daga Sabulun Salo Zuwa Man Bilicin

Yau ba labarin soyayya na zo mana da shi ba, tarihin ƙurajen fuska ne, waɗanda yaran yanzu ke kira fimful.

A zamanin kakanninmu idan ƙuraje suka feso wa budurwa sai a yi dariya a ce girma ne ya zo, wasu su ce wani ke son ta a ɓoye, ko a ɗora laifin kan gyaɗa da ƙuli-ƙuli. Magani bai wuce sabulun salo da lalle, da kurkur a kwaɓa da lemon tsami ba, daga baya dilka ta zo mana daga Sudan. Ba duka ke aiki ba, lemon tsamin ma ƙona fata yake, amma dai ƙurji bai hana kowa zuwa dandali ba. Batun girma kuwa ba su yi ƙarya ba. Lokacin balaga fata ke ƙara fitar da maiƙo, ya haɗu da matacciyar fata ya toshe ƙofofin gashi, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama.

To ina gizo ke saƙar? Mu baƙar fata, ƙurji in ya warke yakan bar baƙin tabo, ballantana an matse shi da farce. Wannan tabon shi ya kai mata da yawa ga man kanti. Tun shekarun 1970 man ƙara haske irin su Ambi ya cika kasuwa, har Fela Kuti ya yi wa masu shafawa waƙar zambo, Yellow Fever, a 1976. Yarinya za ta saya don tabo uku a kumatu, ƙawaye su ce wallahi kin yi haske, shi ke nan an shiga.

Wanda ya fi muni sai da mata suka koma haɗa irin su Dermovate da Betnovate cikin man shafawa. Waɗannan magungunan likita ne masu ƙarfi, na wasu cututtukan fata daban, na ɗan lokaci kawai. Kin san abin takaicin? In aka daɗe ana shafa su, su da kansu suke haifar da sababbin ƙuraje, fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito. Ki daina, fuska ta yi bore, sai ki koma. Ni a ganina mai sayarwa kaɗai ya ci riba.

Hukumomi sun farga. Afirka ta Kudu ta hana sa sinadarin haidurokwinon a kayan kwalliya a 1990, a nan gida aka kafa NAFDAC a 1993, Kwaddebuwa ta haramta man bilicin a 2015.

Alhali maganin ƙurajen na gaskiya ya daɗe da samuwa. Amurka ta amince da Retin-A tun 1971, sai dai yana buƙatar haƙurin wata biyu zuwa uku, mu kuwa biki saura mako biyu muke nema. A 1982 aka fito da ƙwayar Accutane don ƙuraje masu tsanani. Matan aure ku ji da kyau, wannan ƙwayar da ire-irenta suna nakasa ɗan da ke ciki, don haka ko ƙawarki ta rantse ta yi mata aiki, kada ki sha sai likita ya rubuta, ya kuma tabbatar ba ki da juna biyu.