Gobarar Kariya da Ribar Horar da Masu Kawo Kaya

Idan aka tambaye ni inda tarihin masana'antu ya fi bayyana hikimar jami'an sayen kaya, kamfanin Toyota na Japan zan ambata. Tun a 1939, shekara biyu da kafa shi, ƙa'idojinsa na saye suka tanadi cewa duk masana'antar da aka amince ta riƙa kawo masa kayan haɗa mota, a ɗauke ta tamkar reshensa. A 1943 masana'antun suka dunƙule cikin ƙungiyar Kyohokai. Daga baya almajiran Taiichi Ohno suka riƙa tarewa a cikinsu, suna koya musu rage ɓarna da kawo kaya daidai lokacin buƙata.

Ranar 1 ga Fabrairu, 1997, aka jarraba wannan tsari. Gobara ta cinye masana'antar Aisin da ke garin Kariya, wadda kusan ita kaɗai ke ƙera wa Toyota wani ɗan ƙarfe mai daidaita ƙarfin birki. Ajiyar da ke hannu ta 'yan kwanaki ce, don haka aiki ya tsaya cak. Aisin ta raba zanen ƙarfen, kamfanoni sama da 200 suka shiga aikin ceto, har da Brother mai ƙera keken ɗinki. Kafin mako ya zagayo, motoci sun ci gaba da fitowa.

Tabbas ƙarancin ajiya da dogaro da gida ɗaya su suka jawo haɗarin. Amma a ganina, abin da ya ceci Toyota shi ne ilimin da ya shekara hamsin yana shukawa a masana'antun da ba nasa ba. Wanda aka saba matsa wa kan farashi kaɗai ba zai kwana yana ƙira dominka ba.