Shimfiɗar Fuska: Darasi Daga Fataken Illo

A shekarar 1936 wani Ba'amurke mai suna Dale Carnegie ya wallafa littafinsa a kan dabarun yin abokai da jawo hankalin jama'a. Gundarin shawararsa shi ne a saki fuska, a riƙe sunan mutum, a saurare shi, a guji kushe shi. Matasanmu da dama sun ɗauka daga can wannan ilmi ya faro. To amma idan muka waiwayi tarihin ƙasar Bagudo, za mu tarar kakanninmu sun daɗe suna cin abinci da shi.

A ƙarni na 19, garin Illo da ke kusa da Kogin Kwara yana cikin mashigan da ayarin fatake ke ƙetarewa. Sukan taso daga Kano ko Sakkwato, su biyo ta Jega, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki, har su isa Salaga ta ƙasar Gwanja. Sukan kai kanwa da tufafi, su komo da goro. Tafiya ce ta watanni cikin mutanen da harshe bai zama ɗaya ba: Kyangawa da Dandawa da Fulani da Bargawa.

Me ya tsare dukiyarsu? Ba kwari da baka kaɗai ba. Madugu shi ke gaida sarakuna, ya daidaita kuɗin fito da lalama. A zango kuwa fatoma ke saukar da baƙo, ya adana masa kaya, ya nemo mai saye, ya tsaya masa a kan bashi. Ba takarda, ba sa hannu. Wanda ya ci amana sau ɗaya, labarinsa kan riga shi isa zango na gaba.

A nan bambancin yake. Littafin Carnegie ya fi karkata ga yadda za ka shawo kan mutum, su kuwa fatake sun san baɗi za su sake biyowa ta ƙofarsa. Don haka fara'ar da ba gaskiya a bayanta ba ta kai su ko'ina.

Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta raba Bargu biyu: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Illo da Busa hannun Ingila. An kuma rufe iyakar a watan Agusta na 2019. Duk da haka auratayya da zumunci tsakanin mutanen Lolo da Tsamiya da 'yan'uwansu na ƙasar Benin ba su yanke ba.

Ƙalubale gare mu marubuta shi ne, dattawan da suka ji wannan daga bakin iyayensu suna ta ƙarewa. Kafin mu fassara hikimar wasu, mu ɗauki alƙalami mu nufi Illo da Ka'oje mu rubuta tamu.