Bayani: Cibiyar lamuni a kasuwar cinikin gaba

A ƙauyukan Gwarzo da Kabo, a yammacin jihar Kano, ba baƙon abu ba ne manomi ya karɓi kuɗi tun damina bisa alkawarin zai ba da buhunan masara ko dawa idan kaka ta yi.

Shi ɗan kasuwar da ya biya, sau da yawa ya riga ya yi wa wani a kasuwar Dawanau alkawarin waɗannan buhunan. Idan ruwa ya ɗauke da wuri manomin ya kasa cika alkawari, asarar ba ta tsayawa a kan mutum ɗaya.

Irin wannan ciniki ne manyan bankunan duniya ke ƙullawa a tsakaninsu, amma a kan farashin dala da kuɗin ruwa da basussuka. Yawancinsa ba a kasuwar hannayen jari ake yi ba, ɓangarori biyu ne ke daidaitawa kai tsaye. Bankin BIS da ke Basel ya ƙiyasta cewa kuɗin da aka rubuta a irin waɗannan yarjejeniyoyi ya haura dala tiriliyan 600.

Abin da ya faru a 2008

Matsalar ita ce babu wanda ya san iyakar bashin alkawarin da ke kan wani. Da bankin Lehman Brothers na Amurka ya durƙushe ranar 15 ga Satumbar 2008, bankuna suka daina ba juna rance saboda zargin juna. Kwana guda bayan haka babban bankin Amurka ya ba kamfanin inshora na AIG rancen dala biliyan 85, domin faɗuwarsa za ta iya jan wasu da dama.

Sai dai wani kaso na cinikin Lehman, na kimanin dala tiriliyan 9, ya bi ta cibiyar LCH da ke Landan, kuma an warware shi da kuɗin jinginar da bankin ya ajiye, ba tare da an taɓa na sauran membobi ba.

Ganin haka ne shugabannin ƙasashen G20 suka amince a Pittsburgh a 2009 cewa dole irin waɗannan yarjejeniyoyi, masu tsari iri ɗaya, su riƙa bi ta cibiyoyin lamuni.

Aikin fatoma

Bahaushe ya san wannan dabara tun da daɗewa. Masanin nan Abner Cohen, wanda ya yi nazarin Sabon Ibadan a shekarun 1960, ya bayyana yadda maigida, wato fatoma, ke tsayawa tsakanin falken shanu daga Arewa da mahautan Yarbawa masu saye bashi. Falke bai san mahauci ba, maigidan ya sani, kuma idan mahauci ya ci bashi, shi ake riƙewa.

Cibiyar lamuni ma haka take: tana zama mai saye ga duk mai sayarwa, mai sayarwa ga duk mai saye. Bambancin dai shi ne fatoma mutuncinsa ne jarinsa, ita kuwa cibiya sai ta karɓi jingina tun farko, sannan kowace rana wanda farashi ya juya wa baya ya ciko. Akwai kuma asusun da membobi ke zuba kuɗi don ranar da jinginar wani ta gaza.

A Najeriya

A watan Yunin 2016 Babban Bankin Najeriya da kasuwar FMDQ suka fara cinikin gaba na dala wanda ake biyan bambancinsa da naira. Daga baya hukumar SEC ta yi wa FMDQ Clear da NG Clearing rajista a matsayin cibiyoyin lamuni.

Amma ƙasar ta ɗanɗana ɗacin alkawarin da ba shi da mai lamuni a tsakani. Zuwa 2023 dalolin da Babban Bankin ya sayar wa bankuna tun gaba, bai kuma miƙa a kan lokaci ba, sun kai kusan biliyan 7. Masana'antu da masu shigo da kaya da suka riga suka biya naira suka zauna jira, naira kuma na ta faɗuwa. A 2024 gwamnan bankin, Olayemi Cardoso, ya ce binciken kamfanin Deloitte ya nuna dala biliyan 2.4 daga ciki ba su inganta ba, bankin kuma ya ce ya biya sauran.

Inda gizo ke saƙa

Cibiya ba ta kawar da haɗari, tara shi take yi wuri guda. A lokacin rikici kuma takan ƙara yawan jinginar da take nema, daidai lokacin da kuɗi suka yi wuya a hannun kowa.

Cibiyoyin ma sun taɓa faɗuwa: ta Paris a 1974 kan cinikin sukari, ta Kuala Lumpur kan manja, sai ta Hong Kong a 1987, wadda sai da gwamnati da bankuna suka haɗa kuɗi aka ceto ta. Waɗancan duk ƙanana ne idan aka kwatanta da LCH, wadda a yanzu mafi yawan cinikin musayar kuɗin ruwa na duniya ke bi ta hannunta.