Tsibiran Tafkin Volta da Tarihin Aikin Kare Daji a Gana

Mu da muka tashi a Ashanti New Town, wadda aka fi sani da Ash Town, ba mu da teku, ba mu da tsibiri. Kumasi gari ne na tudu da kwari, ruwan da muka buɗe ido muka gani shi ne rafin Subin da na Aboabo, waɗanda a yau leda ta kusa fin ruwa yawa a cikinsu. Duk da haka, wanda ya ci tuwo da miyar busasshen kifi a unguwarmu, akwai yiwuwar ya ci arzikin tafkin Volta ne. Kifi mai yawa daga kasuwar Yeji yake shigowa Kumasi, kuma da itacen bakin tafkin da na tsibiransa ake ƙyafe shi. Shi ya sa nake so mu bi tarihin waɗannan tsibirai, tare da tarihin rundunonin ma'aikata da gwamnatocin Gana suka sha kafawa don gyaran ƙasa da kare daji, mu ga abin da ya ɗore da abin da ya watse.

Hanyar goro da ruwa ya cinye

Kafin a yi tafkin, yankin hanya ce ta fatake. Ayarin Kano da Katsina da Sakkwato kan yi watanni a tafe zuwa Gwanja, su sauke kanwa da tufafi da fatu a Salaga, su ɗauki goron ƙasar Tonawa. A 1874 Turawan Ingila suka ƙona Kumasi, ikon Asante a kan Salaga ya yi rauni. A 1892 yaƙin basasa ya tarwatsa Salaga, 'yan kasuwa suka bazu zuwa Kete Karachi da Yeji da Kintampo da Atebubu, daga baya kuma Kumasi. Cikin waɗanda suka koma Kete Karachi akwai Alhaji Umaru, haifaffen Kano, malami kuma marubucin waƙoƙi da Hausa da Larabci, wanda ya yi limanci a can har rasuwarsa a 1934. Zangon Kete ya zama gari na ilimi da ciniki a bakin kogin Volta.

A 1961 gwamnatin Kwame Nkrumah ta kafa hukumar kogin Volta, aka fara gina madatsar ruwa a Akosombo. Ruwa ya fara taruwa a 1964, aka gama gini a 1965, Nkrumah ya buɗe ta a watan Janairun 1966. Tafkin ya mamaye kusan murabba'in kilomita 8,500. Mutane kusan 80,000 daga ƙauyuka fiye da 700 suka tashi, aka gina musu sababbin matsugunai 52. Tsohon garin Kete Karachi na cikin wuraren da ruwa ya shafe, aka mayar da jama'arsa sabon wuri a kan tudu.

Kawunan tuddan da ruwa bai kai gare su ba su ne suka zama tsibirai. Akwai Dodi kusa da Akosombo, inda jirgin masu yawon buɗe ido ke zuwa. Akwai tsibirin Dwarf a yankin filayen Afram, akwai kuma wasu da yawa a gefen dajin Digya. Ba a sare itatuwan kwarin ba kafin ruwa ya hau, sai suka mutu a tsaye. Har gobe kututturansu na nan ƙarƙashin ruwa, suna fasa jiragen katako.

Sabon ruwa ya kawo kifi, kifi ya jawo mutane. Masunta 'yan Tongu daga ƙasan kogin suka haura da kwalekwalensu, masu ƙona gawayi suka biyo baya, makiyaya suka kawo shanu, 'yan kasuwa suka buɗe rumfuna. Kowa na bukatar itace: na girki, na ƙyafe kifi, na sayarwa. Shi kuwa tsibiri iyakarsa ruwa ne. In aka sare shi, babu wani daji a bayansa da za a matsa a shiga.

Daga tankas zuwa birged

Mu 'yan zango mun daɗe da sanin yadda hukuma ke yin aikin gyaran muhalli a kan talaka. A 1924 annobar da ɓeraye ke yaɗawa ta ɓarke a Kumasi. Turawa suka rushe gidaje a tsohon zango, suka gina Sabon Zango. Daga nan masu duba tsafta suka zama abin tsoro. A Najeriya ana ce musu duba-gari, a nan kuwa tankas muke kiran su, ko samansaman, saboda sammacin da suke rubutawa in sun ga tsutsa a randa. Tsafta ta samu, amma mutane sun ɗauke ta a matsayin hukunci. Na ji wannan tsoron a bakin tsofaffin matan unguwarmu shekaru da yawa bayan tafiyar Turawa.

A 1957, shekarar 'yancin kai, Nkrumah ya kafa rundunar magina, wadda daga baya aka sauya mata suna zuwa rundunar ma'aikata, jama'a na ce mata birged. An ɗebi matasa marasa aikin yi, maza da mata, aka sa musu kaki, aka kai su sansanoni, suna fareti, suna noma, suna gina hanyoyi da gidaje. Manufar ita ce a kashe tsuntsu biyu da dutse ɗaya: matashi ya samu abin yi, ƙasa ta samu hannun aiki. Sai dai rundunar ta manne da jam'iyya mai mulki ƙwarai. Da sojoji suka kifar da Nkrumah a watan Fabrairun 1966, aka kafa kwamitin bincike a kanta, daga nan ba ta ƙara komawa yadda take ba.

Irin wannan tunani ya riga ya bayyana a Amurka. A 1933, lokacin da tattalin arzikinsu ya durƙushe, Shugaba Roosevelt ya kafa rundunar farar hula ta kare daji. Kafin a rufe ta a 1942, samari kusan miliyan 3 sun yi aiki a cikinta, sun dasa itatuwa kusan biliyan 3. Ana biyan kowa dala 30 a wata, 25 daga ciki ana aika wa iyalinsa kai tsaye. Har tsibiri sun yi aiki: a Isle Royale, cikin babban tafkin Superior, sun kafa sansanoni, sun yaƙi gobarar daji ta 1936. Abin lura a nan shi ne kuɗin yana isa gida a kan kari, saboda haka uwa da uba suna ganin amfanin itacen da ɗansu ke dasawa tun kafin ya yi inuwa.

Abin da ya faru a Dudzorme

A 1971 aka ayyana Digya a matsayin gandun daji na ƙasa, a gefen yamma na tafkin. Shi ne na biyu a girma bayan Mole, akwai giwaye da ɓauna a cikinsa. A doka ba a yarda kowa ya zauna a gandu ba, amma masunta da manoma sun yi shekaru suna zaune a bakinsa da tsibiransa, har sun haifi 'ya'ya a can.

A farkon 2006 ma'aikatan sashen kula da namun daji suka fara korar mazauna tsibirin Dudzorme. A watan Afrilun shekarar wani jirgin katako da ya ɗebo mutanen da aka tasa, maƙil da su da kayansu, ya nutse a tafkin, rayuka suka salwanta. Ƙungiyar Amnesty International ta yi magana a kai, gwamnati ta kafa kwamitin bincike.

Ba na cewa ma'aikatan daji ba su da hujja. Gandun da aka bari ana farauta da ƙona gawayi a ciki ba zai daɗe ba, kuma in itatuwan bakin tafki suka ƙare, ƙasa za ta riƙa zaizayewa cikin ruwan da ke ba ƙasar nan wutar lantarki. Amma mu 'yan zango mun san zafin a ce maka ka tattara ka tashi. A ranar 18 ga Nuwamban 1969 gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, gidaje da yawa a zangunan Kumasi suka zama kango. Wanda danginsa suka ga wannan ba zai ji labarin Dudzorme ya kau da kai ba. Mutanen da suka fi kowa sanin mashigar tsibirin da hanyoyin namunsa, su ne aka zuba a jirgi, alhali da su ya fi dacewa a ɗauka aikin gadinsa.

Rundunonin zamaninmu

A 2006 gwamnatin Kufuor ta fara shirin samar wa matasa aikin yi, wanda wani sashensa na share tituna da kwashe shara ne. A 2018 Shugaba Akufo-Addo ya ƙaddamar da shirin matasa masu dashen itace, ƙarƙashin hukumar gandun daji, da matasa 20,000. A ranar 11 ga Yunin 2021 aka yi ranar dashen itace ta ƙasa ta farko, da burin dasa miliyan 5, shekarar da ta biyo baya aka ɗaga burin zuwa miliyan 20. A 2025 Shugaba Mahama ya ƙaddamar da nasa shirin dashe a Nkawie, kusa da mu.

Waɗannan shirye-shirye sun yi amfani, matasa da dama sun samu abin kai wa bakin salati. Amma ciwo biyu ke bin su. Na farko jinkirin alawus, wanda jaridu suka sha bugawa, har matasan dashen itace suka fita zanga-zanga a kansa. Na biyu, dashe aikin yini ɗaya ne, reno kuwa aikin shekaru ne. Ƙaramin itace na bukatar ruwa a rani, da shinge saboda awaki, da share kewaye kafin hunturu ya kawo gobarar daji. Wanda bai ga albashinsa na wata uku ba, ba zai biya kuɗin kwalekwale ya tsallaka tsibiri don ban ruwa ba. Ga shi kuma kowace sabuwar gwamnati sai ta zo da sabon suna da sababbin riguna.

Darasi daga Maradi

Mafi kyawun misali da na sani a ƙasar Hausa yake. A shekarun 1980 gonakin yankin Maradi sun zama fili fetal, dashen da ake yi kuma yana mutuwa. Wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, ya lura a 1983 cewa saiwoyin itatuwan da aka sare suna nan da rai, suna tsiro duk shekara, manoma na sassabe su. Sai aka fara barin 'yan rassa masu ƙarfi a kowane kututture ana yi musu aski, abin da ake kira sassaben zamani. A yunwar 1984 an haɗa aikin da rabon abinci. Da rabon ya ƙare, mutane da yawa suka sare abin da suka rena. Amma waɗanda suka bari sun ga itacen girki a ƙofar gida, da abincin dabbobi, da gero mai kyau a ƙarƙashin gawo. Maƙwabci ya ga gonar maƙwabci ya kwaikwaya. Da manomi ya tabbata itacen gonarsa nasa ne, ba na ma'aikacin daji ba, sai abin ya bazu. Masana sun ƙiyasta kadada miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200 a kudancin Nijar.

Gana ma ta fara kama wannan hanya. Tun 2000 sashen kula da namun daji ya fito da tsarin da ake kira CREMA, inda ƙauyuka ke haɗuwa su tsara dokokin kula da dajinsu, hukuma ta miƙa musu iko. Akwai irinsa a tafkin Bosomtwe, kimanin kilomita 30 daga Kumasi, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren da ake karewa a 2016.

Ra'ayina shi ne, duk rundunar da za a tura tsibiran Volta a ɗebe ta daga 'ya'yan tsibiran. A biya su a kan kari, kuma a auna aikinsu da yawan itacen da ya rayu bayan shekara uku. A ware filin itatuwa masu saurin girma don masu ƙyafe kifi, a yaɗa murhun da ke rage cin itace, irin na Chorkor da aka fito da shi a Ankara tun 1969. A kuma rubuta a fili wanda ya mallaki itacen in ya girma.

Mu ma a Ash Town da Aboabo da Sabon Zango muna da namu kason. Kakanninmu sun san aikin gayya tun kafin a zo da kaki da alawus, kuma tun 2017 akwai asusun raya zanguna da za mu iya neman a sa wani abu daga cikinsa a gyaran rafukanmu da renon itatuwa a makarantu da maƙabartu. Kuɗinmu ne ke jawo kifi da gawayi zuwa Kejetia, saboda haka muna da hakkin tambayar inda aka saro itacen, da wanda ke dasa madadinsa, da ko an biya shi. Sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin matasa su ne ya kamata su fara yin wannan tambaya. Allah ya sa mu dace.