Takardar DPE: Ma'aunin Cin Makamashin Gida a Faransa

DPE takarda ce da ƙwararre ke bayarwa bayan ya auna yadda gida ke cin wuta da gas. Faransa ta soma ta a 2006. Ana ba gida harafi daga A zuwa G. Gidan G ne mafi tsadar ɗumamawa da hunturu.

Tun Agustan 2022 an hana ƙara kuɗin haya a gidajen F da G. Daga Janairun 2025 ba a ba da gidan G sabuwar haya. F zai biyo baya a 2028.

'Yan'uwa masu neman haya a Paris da Lyon su duba harafin kafin sa hannu. Masu gida kuwa suna iya neman tallafin gyara na MaPrimeRénov'.